Minti Ashirin a Kintampo

Tsohon gidan man nan na bakin hanya a Kintampo babu shi. Ina zaune a bakin taga cikin motar Tamale, muna shiga gari da azahar, na kai ido inda na saba kaiwa, sai na ga katanga mai sabon fenti da ƙofar ƙarfe a rufe. Rumfar kwanon ta tafi, an sare mangwaron da ke bayanta, randar da aka binne rabinta a ƙasa ko gurbinta babu. Direbanmu ko birki bai taɓa ba. Sai can gaba ya karya kan mota ya shiga wani fili mai shinge, yaron mota ya miƙe ya ce minti ashirin ne, wanda ya makara ya kuka da kansa. Muka bi layin banɗaki, muka bi layin abinci, muka ci a tsaitsaye. Kafin hannu ya bushe an danna hon.

Duk ɗan Zangon Kumasi da ke da dangi ko sana'a a arewa ya san Kintampo, ko da bai taɓa kwana cikinta ba. Daga Kumasi zuwa Tamale tafiyar kilomita kusan 380 ce, Kintampo kuwa ta kusa raba ta gida biyu. Ka baro ƙarar gudumar Suame, ka wuce Offinso da gonakin tumatir na Akomadan, ka fita daga cunkoson Techiman, kurmi yana ta raguwa, har ka iso inda dogayen itatuwa ke sallamarka, kaɗanya da ɗorawa su karɓe ka. Wanda ya taso da hantsi, a nan ciki ke fara kiran ciroma, a nan injin tsohuwar mota ke neman ruwa, a nan salla ke riskarsa. Daga nan kuma sai doguwar hanya mai ƙarancin gari har gadar Buipe. Ba sai an roƙi direba ya tsaya ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direba ne. Bedford yake ja mai bodin katako, irin wadda ake rubuta wa addu'a a goshi. Yana ɗaukar gishiri da kwanon rufi da huhunan goro daga Kumasi, ya dawo da doya da gyaɗa da man kaɗe, wani lokaci da tumaki a sama. In an yi hutun makaranta yakan sa ni a gaba, tsakaninsa da yaron mota. Tare da shi na fara ganin famfon mai na hannu. Dogon ƙarfe ne ja, da kwalabe biyu na gilashi a kansa. Mai sayarwa ya kama mariƙi yana kai shi yana kawowa, man ya riƙa hawa yana kumfa har ya cika kwalba ɗaya, galan guda ke nan. Sai ya murɗa, wannan ta juye cikin tanki, ɗayar ta fara cika. Shi da kawu suna ƙirgawa tare da ƙarfi, ba mai iya cutar wani, don abin da ka saya ga shi nan kana kallo, rana tana ratsa shi.

Bayan famfon rumfa take. Warin fetur da na baƙin man da ya jiƙa ƙasa ya gauraya da hayaƙin itace da ƙamshin suya. Matan Kintampo sun iya suyar doya: a yanka ta dogo-dogo, a tsamo ta tana ƙona yatsa, a zuba a ganye da yaji da soyayyen kifi. Da asuba koko ne mai citta da kanumfari, da ƙosai da pinkaso. Da rana wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, ko tuwon zafi da miyar ayoyo. Butoci na jere a bakin randa, tabarmi na naɗe a jikin mangwaro. Babu ginin masallaci, an dai jera duwatsu an nuna gabas. Matafiya su haɗa azahar da la'asar raka'a bibbiyu, wanda ya fi furfura ya shige gaba, a bayansa Gwanjawa da Dagombawa da Mosawa da Zabarmawa da Fulani a sahu ɗaya. Ana sallamewa hira ta ɓarke da Hausa, don ita ce kowa ke ji.

Dattijon da ke riƙe da wurin ba shi ne mai shi ba, na wani attajiri ne da ba a cika gani ba. Amma shi kowa ya sani. Tun mota ba ta gama tsayawa ba zai taso.

"Sannu da hanya, Direba. Yaya kuka baro Zango? Jikin tsohuwa fa?"

"Da sauƙi, Baba, tana gaishe ka. Yaya gaba?"

"Gaba lafiya, sai dai ka lallaɓa bayan Dawadawa, ruwan jiya ya ci gefen hanya. Wata mai shanu tana kwance can tun dare."

A ƙarƙashin bencinsa akwai wata adaka ta kwano. Abin da ke cikinta ba nasa ba ne: wasiƙu da ajami da boko, kuɗi ƙulle a bakin tsumma, ƙullin maganin da wata uwa ta aika wa ɗanta da ke makaranta a Tamale. Motar kudu ta ajiye, motar arewa ta ɗauka. In aka yi rasuwa a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, ta bakinsa labari ke bi ya kai Walewale. Direban da kuɗin mai ya yanke masa, a rubuta a littafi, ya biya in ya juyo. Wanda kuma ya ci amana sau ɗaya, kafin mako ya zagayo duk tashoshin arewa sun sani. A 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, lokacin da motoci ke kwana da kwanaki a layin mai, kawu ya ce tsohon yakan ɓoye 'yan galan a bayan rumfa, ba ya fito da su sai ga motar da ta ɗauko mara lafiya ko mai naƙuda ko gawa.

Wannan ɗabi'a ta girmi fetur. Tun kafin a ga taya a ƙasar nan kakanninmu ke fataucin Gwanja. Ayari ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da ɗaruruwan jakuna, madugu na riƙe da ragamar tafiya, jagaba a gaba yana neman wurin sauka da ruwa, uban dawaki yana tara kuɗin fito da na wucewa. Su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi, wata da watanni, ɗauke da kanwa da rigunan Kano da turkuɗi da jan kirgi da busasshiyar albasa. Goro suke bi. Goro kuwa a kurmin Tonawa yake, wato Asante, su kuma sarakunan Kumasi ba su yarda baƙin arewa su shiga kurmi su saya da kansu ba, sai dai a haɗu a Salaga. Haka Salaga ta zama birnin fatake, garin rijiyoyi da malamai da masaukai.

A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka cinna mata wuta. Ganin ƙarfin Tonawa ya karye, Salaga ta yi musu tawaye, su kuma suka hana goro zuwa can. Falke ba ya zama inda babu kaya. Kasuwa ta gusa zuwa Atebubu, ta gusa zuwa Kintampo da ke bakin kurmi a ƙasar Nkoranza. Cikin 'yan shekaru wurin ya zama gari mai unguwanni, ta Hausawa daban, ta Wangarawa daban, ta sauran baƙi daban. Bafaranshen nan Binger ya ratsa ta a 1888 ya tarar da kasuwarta tana ci. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu: Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, wasu suka yi Yeji, wasu Kintampo. Akwai Musulmi a fadar Asantehene tun farkon ƙarni na 19, amma Zangon Kumasi da muke taƙama da shi bai cika ya batse ba sai bayan Turawa sun kama Prempeh na Ɗaya a 1896, an yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, ƙofar kurmi ta buɗe wa kowa. Akwai gidaje a Zangonmu da in ka bi salsalarsu za ka tarar kakan ya yi shekaru a Kintampo kafin ya gangaro.

Maigida ne ya riƙe waccan duniya. Baƙo ya iso da kayansa, bai san kowa ba, bai san farashi ba, ba ya jin yaren masu goro. Maigida ya ba shi ɗaki ba ko anini, matansa su dafa masa, yaransa su kai jakuna kiwo. Shi zai nemo mai saye, shi zai tsaya a kan ciniki, in bashi ne shi ne lamuni. Mai saye ya gudu, maigida ya biya daga aljihunsa. Abin da yake samu la'ada ce, da kuma suna. A tsakar gidansa ake kwance huhu a zauna a tsince goro ɗaya-ɗaya, a fitar da mai sankara kada ya ɓata saura, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da sabon ganye, don tafiyar da ke gaba doguwa ce. Baƙon ya yi ciwo, a gidan za a yi jinya. Ya mutu, maigida zai yi masa sutura ya adana dukiyarsa har magada su zo. Tsofaffi na cewa baƙonka annabinka, kuma da tsoron Allah suke faɗa, amma har da lissafi a ciki: wanda ya wulaƙanta baƙo bana, baɗi ayari a gidan maƙwabcinsa zai sauka. Baturiyar nan Polly Hill ta tarar da tsarin yana aiki a kasuwar shanun Kumasi, ta yi rubutu a kansa a 1966. Dattijon gidan mai da adakarsa, guntun wannan gado ne ya rage a hannunsa.

Sai dai hanya ba ta da alƙawari. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. 'Yan kasuwa masu ido, cikinsu har da Alhassan Ɗantata, suka ga goro ya fi saurin isa gida in an sa shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga 1912 kuma jirgin ƙasa ya ɗauke shi har Kano. Jakuna suka ragu, masaukan Kintampo suka yi shiru. Da Turawa suka zo shimfiɗa babbar hanyar mota zuwa Tamale ma, ta Mampong da Ejura da Atebubu da Prang suka bi, a yi fito a Yeji, a ɓulle Salaga. Shekaru da dama waɗancan garuruwa ne ke cin kasuwar matafiya. Sannan aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafki ya cika ya haɗiye mashigin Yeji, ƙetarawa zuwa Makango ta zama aikin zaman jiran jirgi. Manyan motoci suka dawo ta Techiman da Kintampo, su hau gadar Buipe da ta Yapei su wuce. Kintampo ta farfaɗo ba don ta yi wata dabara ba, Prang kuma ta koma gefe ba don ta yi laifi ba. In ba lokacin Maulidin da Shehu Abdullahi Maikano ya bari ba, 'yan Zango nawa ne ke taka Prang yanzu? Gidan man da na sani, wannan farfaɗowa ce ta haife shi.

Ba zan ce da ta fi yanzu ba, don na tuna da ɗin sosai. Na tuna hanyar kafin a gyara ta a shekarun 1990: ramuka masu haɗiye taya, ƙurar da ke mayar da kowa ja har gashin ido, tafiyar da ake yi yau cikin sa'o'i shida ko bakwai tana cin yini da dare. Kuma duk daɗin rumfar nan da nake ba da labari, daɗin maza ne. Ku tambayi iyayenmu mata. Babu banɗaki. Namiji ya zaga bayan mota, mace kuwa sai ta sami 'yar'uwa ta riƙe mata zane a bakin daji, ko ta ƙi shan ruwa tun asuba don kada ta matsu. Yayata takan ce ita ba da doya ta san Kintampo ba, da ƙishirwa ta san ta. Randar da nake kewa, ruwan rafi ake ɗebowa a zuba mata, moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, a shekarun da kurkunu ke kwantar da ƙauyuka a wannan yanki, cutar da sai a 2015 aka tabbatar Gana ta rabu da ita. Yau akwai banɗakin mata mai ƙofa da famfo, akwai masallaci mai rufi da wurin alwala. Uwa ba ta jiran mota ta kai wa ɗanta kuɗi. Ta tura ta momo, wato kuɗin waya, kafin ta mayar da waya jaka ya kira ya ce ya gani. Ba wanda zai so a koma jin rasuwar mahaifi bayan an yi sadakar uku. Garin ma ya daina dogara da hanya kaɗai: ga gonakin mangwaro da kashu, ga cibiyar binciken lafiya da aka kafa a 1994, wadda tana cikin wuraren da aka gwada rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ke damuna shingen ne. Da, in mota ta tsaya, gari ne gaba ɗaya ke cin arziki: mai doya, mai ƙwai, yarinya mai tallan mangwaro, mai facin taya, makaho da ɗan jagoransa, almajirin da ke cika butoci. Yanzu mota ta shige fili, a ja ƙofa, kuɗin fasinja duka ya faɗa aljihu ɗaya. Direba ya san inda za a ba shi abinci kyauta in ya kawo mutane, can zai tsaya. Matan gari suna waje da faranti a ka, suna jiran mota ta fito su bi ta da gudu, ciniki ta taga, canji a jefo a ƙasa. Wasunsu jikokin waɗanda suka ciyar da kawuna ne. Da gwamnati ta dakatar da karɓar kuɗin hanya a watan Nuwamba na 2021, masu mota sun yi murna, amma matan da ke talla a shingayen karɓar kuɗin suka wayi gari motoci na wuce su a guje. Ba a yi shawara da su ba, yadda ba a yi da mutanen Prang ba. A cikin filin kuma komai akwai na sayarwa, sai dai babu mai tambayarka daga ina, ɗan gidan wa. Jakarka ta ɓace, ko jiri ya ɗebe ka, yarinyar da ke bayan kanta ita ma baƙuwa ce, albashi ya kawo ta, ba ta da ikon barin wurinta.

Gaggawar kuma tana cin rai. Hanya ta yi sumul, motoci sun yi ƙarfi, direba na son ya kai ya juyo, hutun da ake yi har a ɗan runtsa a tabarma ya zama tarihi. A Fabrairun 2016 motar fasinja ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo. A Maris na 2019 wasu manyan motocin fasinja biyu suka haɗu cikin dare a Amoma Nkwanta, ɗaya ta kama wuta. Kowane haɗari a cikinsu ya ci mutum fiye da 50. Ba na cewa rumfa na hana ƙaddara. Amma na ga lokacin da tsoho zai dubi idon direba ya ce, "Ɗana, ba inda za ka. Kwanta tukuna, hanyar lafiya a bi ta da shekara," ya zare makulli ya sa a aljihu, direban kuma bai isa ya yi musu ba.

Sai kuma ruwan. Kilomita kaɗan arewa da gari, dab da titi, kogin Pumpum yana gangarowa daga kan duwatsu hawa uku a kan hanyarsa ta zuwa Baƙin Volta. Turawa sun sa wa matsirgar sunan wani nasu, Sanders, daga baya ta koma amsa sunan garin. Sanda nake yaro ba wurin zuwa ba ce a wajenmu. Yaran mota kan je su yi wanka su wanke riga in an yi doguwar tsayawa, manya kuma na gargaɗin kada a shiga kurmin da tsakar rana. Mu ba mu taso da fita don kallo kawai ba. Tafiya sai da dalili, ciniki ko karatu ko zumunci ko jana'iza. Yau kuwa washegarin Salla ka fito Aboabo ko Sawaba da sassafe ka ga motocin da ƙungiyoyin samari da 'yan Islamiyya suka yi haya, an ɗaura ƙyalle a gaba, an loda kulolin shinkafa, za a Kintampo. Ka sayi tikiti, ka bi matakala fiye da 150 zuwa ƙasa, tun kana rabi sanyi ke dukan fuskarka, ƙarar ruwa ta hana ka jin na kusa da kai. A can ƙasa ruwan yana zubowa daga tsayin mita 25 ko kusa da haka, fari fat, yara na zamewa a kan dutse suna ihu, 'yan mata da hijabi a jiƙe suna ɗaukar hoto. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Yaron da ya girma a lungun Zango, tsakanin kwata da kwanon rufi, yana da haƙƙin ya ga abin da Allah ya ajiye a ƙasarsu.

Ranar Lahadi 19 ga Maris 2017 hadari ya taso da iska, wata babbar itaciya ta karyo daga sama ta faɗa kan masu wanka. Kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare daga Wenchi. Aka rufe wurin, aka gyara, aka sake buɗewa kafin shekarar ta fita, a 2019 kuma aka ƙara gadar igiya da ake takawa ta sama. Wanda ya gayyaci jama'a ya karɓi kuɗinsu ya zama maigida, ko ya so ko bai so ba. Duba itatuwa, da duba sama, da cewa yau ba a shiga, duk suna wuyansa. Sai da aka rasa 'ya'yan mutane wannan ya zauna a kan kowa.

Abin da ake nuna wa baƙo a Kintampo ya ƙaru: wannan matsirga, da ta Fuller can yamma da gari, da ginshiƙin da ke nuna tsakiyar ƙasar Gana, da maƙabartar Turawa. Amma motar 'yan Zango takan zo ta koma ba wanda ya ce a shiga cikin gari a ga unguwannin da kakanni suka sauka, a gai da limami, a tambayi tsofaffin gidajen masauki abin da suka riƙe. Ina ganin har da nauyin baki a ciki. Kasuwar da ta sayar da goro ta sayar da mutane. A shekarun 1880 da 1890 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suna kamo Gurunsawa, ana kawo su kasuwannin nan a musanya, wasu a gangara da su kurmi, wasu su ɗauki kayan fatake a ka. Ƙauyen Babatokuma da muke wucewa gaba kaɗan, da shi ake danganta sunansa. Maigidan da ya yi wa baƙo sutura, mai yiwuwa a bayan gidansa akwai wanda ke zaune da mari a ƙafa. Jikokin mai saye da na wanda aka saya duk suna Zango, sun yi auratayya, suna sahu ɗaya. Wannan ma tarihinmu ne, kuma na fi son yaranmu su ji shi daga bakinmu, da alherinsa da muninsa, a wurin da ya faru, da a ce hoton ruwa kaɗai suka sani.

Mai son ganin inda tsohuwar al'adar ta koma, ya zo bayan isha, ya wuce filayen masu shinge zuwa bakin gari inda tireloli ke kwana. Tun da yaƙin Kwaddibuwa ya ɓarke a 2002 kayan ƙasashen tudu suka ƙara karkatowa tashar ruwan Tema, ga su nan a jere, masu zuwa Wagadugu da Bamako da Yamai, ga masu gangarowa da shanu da tumatir da albasar Galmi. Kowace mota da ɗan murhun gawayinta a gindin taya, shayi na tafasa a ƙaramar buta, an ɗaura gidan sauro a ƙarƙashin bodi. Hausar Tawa da ta Maraɗi da ta Zango sun cakuɗe. Na zauna da wani direban albasa, ɗan wajen Tawa, ya miƙo mini kofin farko tun bai tambayi sunana ba.

"Direba, in mota ta lalace muku a nan, ga albasa a kai, yaya kuke yi?"

"Ai muna da mutum, Baba. Kowane gari muna da mutum."

Nasu na Kintampo mai facin taya ne. Shi ke taso makanike ko ƙarfe nawa ne, shi ke sa a yi gadin kaya, shi ke ranta musu kuɗi kafin mai mota ya turo. Bara da zazzaɓi ya kwantar da yaron motarsa, a ɗakin mutumin ya yi jinya. A Kumasi kuma maigidansu na jira a kasuwar albasa, shi ke sayarwa, shi ke bin bashi, a gidansa suke kwana. Bambancin kawai, yanzu lambarsa na cikin waya. Mu da muka koma motoci masu sanyi da labule ne muka daina gani.

Na tambaye shi ko ya taɓa sauka ya ga ruwan. Ya ce shekara da shekaru yana wucewa ta ƙofar wurin yana ganin allon, amma albasa ba ta jira, in ta kwana biyu a zafi asara ce. Ya ce in Allah ya kai mu bayan Salla zai zo da yaransa, ba da kaya ba.